"Na san IP ɗinka, zan zo har gida": Me ke cikin wannan barazanar?

Duk wanda ya daɗe a guruf ɗin WhatsApp na 'yan unguwa, ko yake bin cacar bakin da ake yi a ƙarƙashin rubuce-rubucen Facebook da bidiyoyin TikTok, ya san inda faɗa ke ƙarewa a 'yan shekarun nan. Da an ɗan yi musu kan ƙwallo ko siyasa, sai ɗaya ya jefo wasu lambobi kashi huɗu masu ɗigo a tsakaninsu, ya ce, "Wannan IP ɗinka ne. Ka ci gaba da rashin kunya, zan zo har ƙofar gidanku." Daga nan sai ka ji wanda ake wa barazanar ya yi tsit. Wani ya goge abin da ya rubuta, wani ya rufe akawun ɗinsa gaba ɗaya. 'Yan mata kuwa abin ya fi yi musu ciwo, don sau da yawa barazanar tana zuwa ne daga wanda aka ƙi kulawa.

A gari irin Kaduna ba wanda zai ga laifin mai jin tsoro. Mun sha jin labarin satar mutane, mun san kalmar "na san inda kake" ba abin wasa ba ce. Matsalar ita ce tsoron ya faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba, ƙofofin da ɓarawo ke bi da gaske kuma an bar su a buɗe. Bari mu bi abin daki-daki.

Mene ne adireshin IP ɗin ma?

Intanet ba wani abu ba ne illa kwamfutoci da wayoyi da ke aika wa juna saƙo. Idan ka buɗe bidiyo a YouTube, wayarka ce ke aika buƙata zuwa wata babbar kwamfuta, ita kuma ta turo maka bidiyon a gutsure-gutsure. To dole ta san inda za ta mayar da amsa. Wannan lambar da ake mayar da amsa gare ta ita ce adireshin IP. Kenan duk shafin da ka taɓa buɗewa a rayuwarka ya ga IP ɗinka. Ba sirri ba ne, kamar yadda lambar jikin Keke Napep ba sirri ba ce ga duk wanda ya gan shi a titin Ali Akilu.

Tsarin da aka fi sani, mai lambobi kashi huɗu, sunansa IPv4, kuma adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake iya samarwa. Mutanen duniya sun haura biliyan 8, ga shi mutum ɗaya yana iya riƙe waya biyu da kwamfuta. Tun a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA, mai raba adireshin ga shiyyoyin duniya, ta raba na ƙarshe da ke hannunta. Mu a Afirka ƙungiyar AFRINIC da ke tsibirin Moris ce ke ba kamfanonin sadarwa kasonsu. An fito da sabon tsari, IPv6, wanda adireshinsa ba ya ƙarewa nan kusa, amma har yanzu tsohon ne ke ɗauke da yawancin harkokinmu. Wannan ƙarancin shi ne ya haifar da dabarar da, ba da gangan ba, take ba ka kariya.

Gidan haya mai ƙofa ɗaya

Ka ɗauki babban gidan haya mai ɗaki talatin, ƙofa ɗaya, mai gadi ɗaya. Duk wasiƙar da za ta zo, adireshin ƙofar ne a jikinta. Mai gadi ne kaɗai ya san wane ɗaki zai kai wa. Wanda ke waje ƙofa kawai yake gani.

Haka na'urar Wi-Fi ta gida ko ta shagon buga takardu take aiki. Ita ce mai gadin. Duk wayar da ta hau, za ta ba ta lambar ɗaki, irin waɗanda ke farawa da 192.168 ko da 10. Waɗannan lambobin na cikin gida ne, ba sa aiki a waje, kuma miliyoyin gidaje a duniya suna amfani da irinsu sak a lokaci guda. Saboda haka idan wani ya turo maka 192.168.0.1 yana cewa ya kama ka, ka yi dariya kawai. Mai yiwuwa lambar na'urar ɗakinsa ce ya kwafo.

Mu da yawancinmu da datar waya muke hawa, abin ya ma fi haka. Kamfanoni irin su MTN da Airtel da Glo ba su da adireshin da za su ba kowane layi nasa shi kaɗai, don haka sukan tara mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya. Wato gidan hayan ya zama unguwa guda. IP ɗin da wancan yaron ya gani yana iya zama na ɗalibi a Malali, da mai shayi a Kawo, da wata ma'aikaciya a Zariya, duk a sa'a ɗaya. Kuma ba ya zama daram. Gwada da kanka: rubuta my ip a Google ka rubuta lambar da ta fito a takarda, sa wayar a yanayin jirgin sama na ɗan lokaci, ka cire, ka sake dubawa. Sau da yawa za ka tarar ta canza.

Me ya sa taswira ke kai ka Legas?

Masu barazanar sukan haɗa da hoton taswira da jan ɗigo a kai, don abin ya ƙara tsoratarwa. Abin da ba sa faɗa shi ne babu wani bayanin wuri a cikin adireshin IP. Wasu kamfanoni ne masu zaman kansu ke tattara rajista suna hasashen cewa rukunin lambobi kaza na gari kaza ne. Ƙasa sukan dace. Sunan kamfanin sadarwa ma sukan dace. Gari kuwa sai dai sa'a. Kana zaune a Unguwar Sarki shafin zai ce kana Legas ko Abuja, saboda ta can ne kamfaninka ke fitar da zirga-zirgarsa. Ai manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke haɗa Najeriya da duniya, irin su MainOne da Glo-1 da WACS da Equiano, a Legas suka sauka. Shi ya sa da wasu daga cikinsu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris, 2024, har mu nan Arewa sai da muka ji a jikinmu, bankuna ma suka riƙa ba da haƙuri.

Akwai labarin da ke nuna yadda wannan hasashen ke ɓata. A 2016 'yar jarida Kashmir Hill ta bankaɗo cewa kamfanin MaxMind, idan ya san adireshi na Amurka ne amma bai san garin ba, sai ya ajiye ɗigon a tsakiyar ƙasar. Tsakiyar nan kuwa ta faɗa kan wata gona kusa da garin Potwin a jihar Kansas. Adireshi sama da miliyan 600 ne ke nuna gonar. Shekara da shekaru 'yan sanda da masu neman wayar da aka sace musu da waɗanda aka damfara suna dira gidan, mutanen gidan ba su ci ba, ba su sha ba. Daga baya aka gano irin haka ta faru da wani gida a Pretoria ta Afirka ta Kudu. In har jami'an tsaron Amurka za su bi jan ɗigo su ɓata, ina ga yaron da ya koyi abin jiya a TikTok?

To wa ke iya haɗa IP da sunanka?

Nan ne ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya, kada a ɗauka intanet daji ne da ba a ganin sawu. Mai gadi yana da littafi. Kamfanin sadarwarka ya san wane layi ne ya yi amfani da wane adireshi a wane lokaci. Sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin su adana bayanan zirga-zirga da na masu layi har tsawon shekara 2, kuma hukumomin tsaro na iya nema ta hanyar da doka ta tanada. Tun watan Disambar 2020, zamanin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, aka fara tilasta haɗa layin waya da lambar NIN. Layi na kaiwa ga NIN, NIN na kaiwa ga hotonka da zanen yatsunka.

Saboda haka hukuma, idan ta sa kanta, tana iya kaiwa ga mutum. Ba mu manta da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kama a watan Nuwamban 2022 kan wani rubutu da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari, ba. Sai a farkon Disamba aka janye ƙarar bayan ƙungiyoyin ɗalibai da masu kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ca. Sunan bogi da hoton zaki a fuskar akawun ba sa ɓoye kowa daga hukuma. Amma wannan ikon ba ya hannun abokin faɗanka na guruf.

VPN fa? Da yawanmu mun san shi ne lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Aikinsa shi ne ya bi da kai ta wata kwamfuta a wata ƙasa, shafin da ka buɗe ya ga adireshinta maimakon naka. Yana da amfani, musamman a Wi-Fi ɗin da ba ka san mai shi ba. Sai dai ka sani ka canza mai gadi ne kawai. Yanzu mai VPN ɗin ne ke riƙe da littafin, kuma irin na kyautar nan da ake saukewa barkatai, ka tambayi kanka da me suke biyan ma'aikatansu. Sannan idan ka hau Facebook da sunanka da kalmar sirrinka, Facebook ya san kai ne ko da adireshinka na nuna Jamus.

Da ɗan gari akan ci gari

Tambayi duk wanda aka ƙwace wa WhatsApp a unguwarku yadda aka yi. Da wuya ka ji maganar IP. Labarin kusan iri ɗaya ne: wani ya kira da murya mai ladabi, ya ambaci sunan guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ko na ƙungiya, ya ce akwai taro da daddare ta intanet, an turo maka lambar shiga, don Allah karanto. Lambobi shida ɗin nan su ne makullin akawun ɗinka. Kana karantawa ya hau, ya fara bin 'yan'uwa da abokai yana cewa an kwantar da Mama a asibiti, a taimaka da dubu ashirin.

Hanya ta biyu ita ce mahaɗin da ake turowa, wai data kyauta, ko tallafin gwamnati, ko "duba ki ga hotonki da ake yaɗawa". Dannawa kawai zai ba mai shi IP ɗinki, wanda muka ga ba wani abin kirki zai yi da shi ba. Tarkon yana mataki na gaba. Ko shafin ya nemi izinin sanin wurin da kike, ko ya kawo fuska irin ta Facebook ya ce ki sake sa kalmar sirri. Idan kika ba da izinin wuri, ba hasashe ba ne kuma, GPS ɗin wayar ne zai yi magana, shi kuwa yana iya nuna layinku, wani lokacin har gidan.

Ta uku kuma mu ne da kanmu. Bidiyo a ƙofar gida, lambar motar Baba ta fito ɓaro-ɓaro. Ƙanwa sanye da kayan makaranta da bajo. Allon shagon maƙwabci da lambar waya a jiki. Duk ɗan Kaduna da ya hango hasumiyar Masallacin Sultan Bello a bayanka ya san unguwar da kake, ba ya buƙatar ko kwamfuta. Ga masu sa "mun tafi Abuja sai Lahadi" a sitatus, mutum ɗari huɗu na gani, rabinsu ba ka san fuskarsu ba.

Ko manyan kutsen duniya ta nan suke bi. Ranar 15 ga Yuli, 2020 aka ƙwace akawun ɗin Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk a Twitter, aka damfari mutane kuɗin Bitcoin na sama da dala dubu 100. Jagoran abin yaro ne ɗan shekara 17 a jihar Florida. Ta waya aka kira ma'aikatan kamfanin aka yaudare su suka ba da hanyar shiga. Ya ƙare da hukuncin ɗaurin shekara 3.

Wurin da IP ke da haɗari na gaske shi ne inda adireshin ke tsaye ba ya canzawa, kuma akwai na'ura a bayansa da aka bar ta da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. Kyamarorin tsaro na shaguna da ofisoshi da na'urorin Wi-Fi da yawa har yau admin ne sunan, admin ne kalmar sirri. In akwai irinsu a gidanku ko shagon yayanka, yau ɗin nan a canza.

"In ka isa ka yi min kutse"

Ɗaya ɓangaren labarin shi ne samarin da abin ke burge su. Mutum ya sauke Termux a waya, baƙin allo da koren rubutu, ya kwafo umarni biyu daga YouTube, shi kenan sai a canza suna a guruf. Sai gasa ta tashi: ga IP ɗina, wanda ya isa ya shigo. Tsofaffin hannu suna da wata tsokana da suke yi wa irin waɗannan. Sai su ba su 127.0.0.1 su ce bismilla. Wannan lambar a kowace na'ura ma'anarta "ni kaina". Duk harin da ka kai mata, wayarka ko kwamfutarka kake duka.

Sha'awar kanta ba laifi ba ce, kusan duk ƙwararren masanin tsaron intanet da son sanin yadda abu ke aiki ya fara. Amma akwai iyaka, kuma doka ce ta shata ta. Dokar 2015 da muka ambata, wadda aka yi wa gyara a watan Fabrairun 2024, ta haramta shiga kwamfuta ko hanyar sadarwar wani ba da izini ba. Hukuncin da ke sashe na 6 yana iya kaiwa ɗaurin shekara 5 ko tarar naira miliyan 5, a wani yanayin ma ya fi haka. Sashe na 24 kuma ya shafi aika saƙon barazanar da ke sa mutum fargabar za a cutar da shi. Wato mai cewa "zan zo har gida" shi ne ya taka doka, kuma da hannunsa ya rubuta shaidar.

Ka kuma lura, izinin abokinka a kan wayarsa ya tsaya. Ba shi da ikon ba ka izinin taɓa kwamfutocin kamfanin sadarwa, alhali adireshin da ya ba ka nasu ne, kuma akwai wasu mutane a bayansa. Shafin makarantarku ma haka, ko da niyyarka ka nuna musu ɓaraka ce. A 2016 wasu samari uku a Amurka suka ƙirƙiro manhajar Mirai, tun asali saboda gasar kasuwancin wasan Minecraft. Aikinta kawai ta riƙa gwada sanannun kalmomin sirri kusan 60 a kan kyamarori da na'urorin intanet. Da aka saki manhajar a fili, aka yi amfani da ita a watan Oktoban shekarar wajen kai harin da ya hana mutane da yawa hawa Twitter da Netflix. A Disambar 2017 su ukun suka amsa laifi a kotu. Garin neman suna aka samo shari'a.

Filin da aka yarda ka fasa

Abin daɗin shi ne akwai wuraren da aka gina musamman don ka fasa su, ba mai kama ka. Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka tana da picoCTF, kyauta ne, an tsara shi don ɗalibai masu farawa. OverTheWire na da wasan Bandit da ke koya maka Linux mataki-mataki. TryHackMe da Hack The Box suna ba ka kwamfutocin gwaji. Idan tushen sadarwar kake so ka fahimta, Cisco na da darussa na kyauta da manhajar Packet Tracer, inda za ka haɗa hanyar sadarwa ta ofis guda a kan allo ba tare da ka sayi ko waya ɗaya ba.

A gida ma akwai hanya. Shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a 2023 ƙarƙashin Bosun Tijani ya sa tsaron intanet cikin fannonin da yake koyarwa. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashe guda na wannan ilimin. Nan cikin gari, idan ka tsallaka kogi zuwa Barnawa akwai CoLab, inda matasa masu harkar fasaha ke haɗuwa. Kamfanoni kuma suna biyan wanda ya gano musu ɓaraka ya sanar da su ta hanyar da suka tsara. Facebook ya fara irin wannan shirin tun 2011, mafi ƙarancin ladansa dala 500. Ka lissafa da canjin yau ka gani ko tsoratar da 'yan guruf ya fi wannan riba.

Kafin ka ajiye wayar

Minti biyar sun isa. A WhatsApp shiga Settings, sai Account, ka kunna tabbaci mai mataki biyu ka sa lambar da kai kaɗai ka sani. Ko an yaudare ka ka karanta lambobi shidan nan, wannan za ta tare ɓarawon. A ƙarƙashin Privacy, sai Advanced, akwai maɓallin ɓoye IP yayin kira, wanda aka ƙara a watan Nuwamban 2023. Saƙon rubutu dama ta kwamfutocin kamfanin yake bi, kiran mutum biyu ne ke iya haɗa wayoyi kai tsaye. Sannan ka duba jerin manhajojin da ka ba izinin sanin wurinka, ka tambayi kanka me tocila ke yi da shi.

Idan kuma aka yi miki barazana, 'yar'uwa, kada ki roƙa, kada ki tura kuɗi ko hoto. Ɗauki hoton saƙon da lambar da kwanan wata kafin ki toshe shi, ki kai ƙararsa a manhajar, ki gaya wa babba a gida. In ya ambaci abin da ke nuna da gaske ya san gidanku, kamar sunan layi ko launin ƙofa, to ba daga IP ya samo ba. Ko wanda ya san ki ne, ko daga abin da aka ɗora ne. Wannan maganar 'yan sanda ce, kuma rundunar tana da cibiya ta musamman kan laifukan intanet.

A mako mai zuwa za mu duba manhajojin bashi da abin da suke yi da lambobin da ke cikin wayarka.